Hoton Biki: Kimiyyar Haske a Hannun Mai Ɗaukar Hoto

Masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Da zarar an sa ranar biki, kowa yakan shiga fargabar abin da zai ba shi kunya a idon jama'a: wata kayan ɗaki ne ba su kammala ba, wani tela ne ya riƙe masa ɗinki, wani kuma tsoro yake kada abinci ya ƙare baƙi ba su gama zuwa ba. Amma akwai wata kunyar da ba ta fitowa sai bayan an kwashe rumfuna, an mayar da kujerun haya, baƙi sun koma garuruwansu. Ita ce ta ranar da mai hoto ya kawo aikinsa.

Na taɓa ganin irin wannan a danginmu. An ɗaura aure a ƙofar gida bayan an sauko daga Juma'a, rana ta take tsaka. Ango ya sha farar shadda, babbar riga mai aikin hannu wanda aka ɗauki watanni ana yi. Da hotuna suka iso, sai aka ga sun kasu kashi biyu. A kashi na farko rigar ta fito sosai, amma fuskokin mutane sun yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai haƙora da fararen idanu. A kashi na biyu fuskoki sun fito, rigar kuwa ta zama farin fili, babu ko alamar zare. Dattijon da ya yi walicci bai sake ganin wani bikin ba, kuma hoto ɗaya tak da aka ɗauke shi tare da ango yana cikin kashi na farko. Babu yadda za a yi a sake tara mutanen nan a maimaita ranar.

Jama'a suka ce kyamarar ce ba ta da kyau. Alhali kuwa lafiyar kyamara ƙalau. Mai riƙe da ita ne bai san halin haske ba. Domin haka za mu duba abin da ke faruwa a cikin kyamara, da aikin da ƙwararren mai hoto yake yi, sa'annan mu ga yadda wannan ilmi zai taimaki iyali wajen zaɓen wanda za su damƙa wa amanar ranar da ba ta dawowa.

Ɗaki mai duhu

Duk wanda ya taɓa kwanciya a rufaffen ɗaki da rana, ya ga surar masu wucewa tana yawo a bango kai a ƙasa ƙafa a sama saboda wata 'yar kafa a jikin ƙofa ko taga, to ya riga ya zauna a cikin kyamara. Dalilin wannan abin mamaki shi ne haske yana tafiya ne a miƙe. Hasken da ya taso daga kan mutum yakan ratsa ta kafar ya sauka a ƙasan bango, wanda ya taso daga ƙafarsa kuma ya sauka a sama, sai surar ta juye.

Masanan Sin da na Girka na zamanin dā sun lura da wannan, amma wanda ya yi masa bayani ta hanyar gwaji shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, saɓanin ra'ayin masu cewa ido ne ke fitar da haske zuwa ga abin da yake kallo. Turawa daga baya suka kira wannan ɗaki da Latananci kamera obskura, wato ɗaki mai duhu, kuma daga nan kalmar kyamara ta samo asali.

Aibin 'yar kafa shi ne hasken da take bari ya shiga kaɗan ne, saboda haka surar takan fito dishi-dishi. Idan aka faɗaɗa kafar kuma sai surar ta watse. Maganin wannan shi ne gilashi mai tudu a tsakiya, irin na tabarau, wanda yake lanƙwasa haske mai yawa ya tattara shi a wuri guda. Haka idon ɗan Adam yake aiki, haka kuma kowace kyamara, tun daga ta wayar hannu har zuwa ta ƙwararru.

Daga azurfa zuwa lantarki

Samun sura abu ne, kama ta ta zauna wani abu ne daban. Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda yake nan har yau shi ne na Nisefo Niyefs, Bafaranshe, wanda ya ɗauki abin da yake hangowa ta tagar gidansa a 1826 ko 1827. Ya shafa wani nau'in kwalta a farantin ƙarfe, ya bar kyamarar a buɗe na aƙalla awa 8. A 1839 aka bayyana hanyar Luwi Dager a Faris, wadda ta dogara da sinadarin azurfa da ke sauyawa idan haske ya taɓa shi. A farkon zamanin nan sai mutum ya daɗe a zaune bai motsa ba, har akan tokare masa ƙeya da ƙarfe. A 1888 Joj Istman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak ɗauke da fim mai cin hoto 100, wadda in ta cika sai a mayar da ita kamfani a wanke.

Kalmar wankin hoto da muke amfani da ita har yanzu ta zamanin fim ce, domin a ɗakin duhu akan tsoma fim da takarda cikin ruwan sinadarai kala-kala kafin sura ta bayyana ta kuma zauna. Yau wani ɗan faifai ne mai jin haske ya maye gurbin fim. Wilad Boyil da Joj Smit ne suka ƙirƙiro nau'insa na farko a 1969, aikin da ya sa suka sami kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Stiben Sason, ya haɗa kyamarar dijital ta farko: nauyinta kilo 3.6, tana da ɗigo 10,000 kacal, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset.

Faifan nan yana ɗauke da miliyoyin 'yan ɗigogi da ake kira fiksel. Idan haske ya faɗa wa kowane ɗigo sai ya saki 'yan ƙwayoyin lantarki gwargwadon yawan hasken, na'ura ta ƙirga su ta mayar da su lamba. Ɗigon da kansa bai san launi ba. Shi ya sa ake rufe kowanne da 'yar matata mai launin ja, ko kore, ko shuɗi, bisa tsarin da Birais Baya ya yi wa rajista a 1976: a kowane ɗigo 4, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, domin idon mutum ya fi jin koren haske. Daga waɗannan launuka 3 kwamfutar da ke cikin kyamara take lissafo jan lalle da ruwan gwal na sarƙar amarya.

Makullai uku na haske

Kowane hoto awo ne na haske. Idan ya yi yawa hoto ya ƙone, idan ya yi kaɗan ya yi duhu. A tsakar gida da rana haske yakan kai kimanin lukus 100,000 a ma'aunin masana, a cikin ɗaki kuwa da ƙyar ya wuce 'yan ɗaruruwa. Idonmu yana daidaita kansa ba tare da mun sani ba. Mai hoto kuwa makullai uku ne a hannunsa.

Na farko shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi a cikin gilashin kyamara. Ana nuna shi da lambobi kamar haka: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Lambar tana samuwa ne idan aka raba tsawon tattara haske na gilashin da faɗin ƙofar. Alal misali, gilashi mai milimita 50 a lamba 2 ƙofarsa milimita 25 ce. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ɗaliban lissafi za su lura cewa kowace lamba ta ninka ta bayanta da kimanin 1.4, wato tushen 2, domin filin da'ira yana bin faɗinta ne ninki a kan ninki. Daga kowace lamba zuwa ta gaba haske yana raguwa da rabi. Babbar ƙofa takan sa fuskar amarya ta fito tas, abin da ke bayanta ya dushe, wanda abin so ne a hoton mutum ɗaya. Amma idan dangi suka jeru sahu uku, aka ɗauke su da babbar ƙofa, sahun gaba kaɗai zai fito sosai. A nan sai an matse ƙofa zuwa wajen lamba 8.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da labulen kyamara yake buɗewa. Ga mutanen da ke tsaye cik, kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa zai iya wadatarwa. Ga ƙawayen amarya da ke rawa ana bukatar kashi 1 cikin 250 ko cikin 500. Ga doki a sukuwane a ranar hawan angonci kuwa sai an kai wajen kashi 1 cikin 1,000, in ba haka ba ƙafafunsa su narke su zama hayaƙi.

Na uku shi ne ƙarfin jin haske na faifai, wanda ake nunawa da lambar ISO: 100 da rana, 1,600 ko 3,200 ko fiye da dare. Idan aka ɗaga lambar, hoto yakan yi haske, amma sai wani yashi-yashi ya bayyana a kansa, musamman a wurare masu duhu. Ke nan kowane makulli yana da riba yana da hasara, kuma duk wanda aka taɓa sai an gyara wani. Ƙwarewa ita ce yanke wannan hukunci cikin ƙiftawar ido, a daidai lokacin da liman yake shafa fatiha.

Farar shadda da baƙar fata

Yanzu mu koma ga hotunan bikin danginmu. A cikin kyamara akwai ma'aunin haske wanda aka tsara shi bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa shi, zai ba da launin toka matsakaici, mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. Wannan zato yakan yi daidai a wurare da yawa, amma a ɗaurin aurenmu yakan karye. Idan fararen riguna suka cika hoto, sai ma'aunin ya ga haske ya yi yawa, ya rage shi har farar shadda ta koma toka-toka, fuskokin da dama sun fi ta duhu kuma su nutse. Idan mai hoto ya ƙara haske da ka don ya ceto fuska, sai ɗigogin da ke kallon rigar su cika su batse, aikin zare ya ɓace, kuma abin da ya ɓace ta wannan hanya babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Ga kuma rana a tsakiyar sama, hula da rawani suna jefa inuwa a kan idanu.

Ƙwararre yana da hanyoyi da dama. Yakan janye ango da waliyyai zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, inda haske yake zuwa a tausashe daga gefe, tazarar da ke tsakanin fari da baƙi ta ragu. Yakan sa yaronsa ya riƙe farin faifai ko farin ƙyalle ya mayar da haske zuwa fuska. Yakan kunna fitilar kyamara da rana tsaka, abin da yake ba jahilin sana'a dariya, alhali ita ce take cike inuwar da ke ƙarƙashin hula. Kuma yakan karɓe awon daga hannun na'ura ya yi da kansa, ya ba da hasken da rigar za ta iya ɗauka ba ta ƙone ba.

Wannan matsala tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan aika wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita launin injinansu da shi. Wato farar fata ce ma'auni. Binciken Lona Rot ta Jami'ar Konkodiya a Kanada, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke nuna launuka masu duhu har da koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. A 2021 ma kamfanin Google ya sanar da gyaran da ya yi wa kyamarar wayarsa domin ta riƙa nuna baƙar fata yadda take. Darasin da ke nan ga ɗalibi shi ne kowace na'ura tana ɗauke da zaton waɗanda suka ƙera ta, kuma mai aiki da ita sai ya san wannan zato kafin ya iya gyara shi.

Idan dare ya yi

Kamu da walima da kai amarya galibi da yamma ko da dare ake yin su, a nan kuma wata dokar kimiyya ce take mulki. Idan nisa daga fitila ya ninka sau 2, hasken da ke isa yakan koma kashi 1 cikin 4. Idan ya ninka sau 3, ya koma kashi 1 cikin 9. Saboda haka idan mai hoto ya haska fitilarsa kai tsaye a taro, wadda ke mita 2 daga gare shi za ta yi fari fat, wadda ke mita 6 kuma ta ɓace cikin duhu. Ƙwararre yakan juya fitilar ta bugi farin silin ko farin bango, hasken ya bazu ya sauko a kan kowa. Yana kuma lura da rumfa: in ja ce ko shuɗiya, hasken da ya dawo daga gare ta zai rina fuskoki da launinta.

Shi ma farin haske iri-iri ne. Na kyandir yana wajen digiri 1,900 a ma'aunin Kelbin, na tsohon ƙwan lantarki mai zare wajen 2,700, na rana tsaka wajen 5,500. Ƙwaƙwalwarmu takan gyara wannan bambanci, ta nuna mana farin mayafi fari a ko'ina, amma kyamara sai an gaya mata. In ba a yi ba, amarya ta fito ruwan ɗorawa a wani hoto, shuɗi-shuɗi a wani. Bugu da ƙari, wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ke sa wasu fitilu su riƙa ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma idan labulen kyamara ya yi sauri da yawa sai ratsi-ratsi masu duhu su fito a hoto, kuma wutar janareta da ba ta tsaya daidai ba takan ƙara dagula lamarin. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: duk wanda ya sauya gilashin kyamara a fili, ƙura ta sauka a kan faifai, zai tarar da tabo a wuri ɗaya a kowane hoto.

Aikin da ba a gani

Danna maɓalli shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Kafin biki ƙwararre yakan je ya ga wurin, ya san inda rana za ta tsaya a lokacin ɗaurin aure, ya tambayi jerin shagulgula, ya nemi wani ɗan gida da zai riƙa nuna masa wace ce gwaggo, wane ne kawu, wace kaka ce ba ta iya tsayuwa. A ranar biki yakan zo da kyamara biyu da batura da katunan ajiya fiye da bukata. Bayan biki kuma yakan shafe kwanaki yana tace hotuna yana daidaita haske da launi. A nan ne amfanin ɗanyen hoto, wanda masu sana'ar ke kira RAW, yake bayyana. Hoton JPEG da muka saba da shi yana riƙe matakin haske 256 a kowane launi, ɗanyen hoto kuwa 4,096 ko 16,384, don haka akwai sararin ciro fuska daga inuwa ba tare da ta lalace ba.

Afirka ta Yamma tana da magabata a wannan sana'a waɗanda duniya ta sara wa. Saidu Keita ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948. Mafi yawan aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, yana rataya zane mai ado a bayan mutum, kuma hotunansa sun nuna yadda baƙar fata da tufafi masu zane suke fitowa tare in mai hoto ya san haske. Ya adana dubban fina-finansa a tsare, shi ya sa a farkon shekarun 1990 aka iya sake wanke su, aka baje kolinsu a Faris a 1994. Malik Sidibe, shi ma na Bamako, yakan zaga bukukuwa da wuraren rawar matasa da dare, ya koma ya wanke hotuna, ya jera su don masu biki su zo su zaɓa. A 2007 ya karɓi kyautar Zakin Zinariya ta bikin baje kolin fasaha na Benis a Italiya. Hotunan da aka ɗauka don iyali su ne yau suka zama tarihin ƙasa.

Yadda za a zaɓi mai hoto

Gani ya kori ji. Kada iyali su tsaya ga hotuna goma da mai hoto ya zaɓa ya sa a Instagram, domin ko makaho ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu. A nemi ya nuna hotunan biki ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A duba hoton ɗaurin aure da rana: ana ganin aikin babbar riga da idanun mai ita a lokaci guda? A duba hoton dare: na sahun baya sun fito? Launin fatar amarya iri ɗaya ne daga hoto zuwa hoto, kuma shi ne nata na gaskiya? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin wasu sukan ɓoye rashin iya awon haske ta hanyar fara fata da goge fuska a kwamfuta, har uwa ta kasa gane 'yarta.

A tambaye shi kyamara nawa zai zo da su, kuma ko kyamararsa tana adana kowane hoto a kati biyu a lokaci guda. A tambaye shi inda yake kwafe hotuna a daren biki. Tsadar kyamara ko yawan fiksel ba su ne ma'auni ba: hoto mai fiksel miliyan 12, wato 4,000 a tsawo 3,000 a faɗi, ya isa a buga shi tas a takarda mai kimanin inci 13 da inci 10.

A duba ladabinsa da sanin al'ada. Wanda zai ratsa gaban malamai ana tsakiyar siga, ko ya kutsa cikin gida ba sallama, zai ɓata ranar ko da hotunansa sun yi kyau. Iyalai da yawa sun fi samun natsuwa idan mace ce ta ɗauki hotunan sa lalle da kamu da sauran shagulgulan mata, kuma wannan ƙofar sana'a ce a buɗe ga ɗalibai mata masu sha'awar kimiyya.

Daga ƙarshe a rubuta yarjejeniya, ko da mai hoton ɗan unguwa ne. A bayyana shagulgulan da zai halarta, da awoyin aiki, da adadin hotuna, da ranar da zai kawo su, da kuɗi da abin da aka bayar kafin alƙalami. A rubuta cewa zai ba da cikakkun hotuna a kati ko faifai, domin wanda aka turo ta WhatsApp yadda aka saba an matse shi an rage masa fiksel. A kuma rubuta ƙarara ko an yarda ya sa hoton amarya a intanet don tallar sana'arsa ko ba a yarda ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. In da hali, a gwada shi a ƙaramin taro kamar kai lefe kafin babbar rana.

Idan hotuna suka zo hannu, amana ta koma kan iyali. Waya takan faɗi, a sace ta, ko katinta ya lalace. Ƙa'idar masu adana bayanai ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya daga ciki a wani gida daban. A kuma buga mafi muhimmanci a takarda, a ajiye su nesa da rana da damshin damina da gara, domin hasken da ya haifi hoto shi ne kuma yake koɗar da shi.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai tushen duk wannan da kayan da ba su da tsada. A sami gwangwanin madara babba, a huda ƙaramar kafa da ƙusa siririya a tsakiyar gindinsa, a rufe bakinsa da farar takarda da aka shafa wa ɗan mai, a ɗaure da roba. Ɗalibi ya lulluɓe kansa da bakin gwangwanin da baƙin zane, ya juya kafar wajen bishiya ko ginin da rana ta haska, zai ga surar a juye a kan takardar. A faɗaɗa kafar kaɗan a sake dubawa: surar ta ƙara haske, amma ta rage fitowa. Kada a kuskura a kalli rana kai tsaye, ko da ido ko ta cikin wani gilashi.

Gwaji na biyu na dare ne ko ɗaki mai duhu. A kunna kyandir, a riƙe farar takarda a nisan mita 1, sa'annan mita 2, sa'annan mita 3, a auna hasken da manhajar awon haske ta waya, a rubuta sakamakon a jadawali a ga ko ya kusanci 1 da kashi 1 cikin 4 da kashi 1 cikin 9. Na uku kuma, a tsayar da ɗalibi sanye da farar riga a rana tsaka a ɗauke shi hoto, a mayar da shi inuwar bishiya a sake ɗauka, wani ya riƙe farin kwali kusa da fuskarsa a ɗauka karo na uku. A jera hotunan uku a gaban aji, ɗalibai su faɗi wanne ne za su yarda a rataya a ɗakin amarya, su kuma kawo dalilinsu daga abin da suka koya game da haske.